Gayyata Zuwa Gonakin Inabi: Nasihar Da Ba A Yi Wa Masu Fita Karatu Waje

Kowace shekara idan damina ta fara ja da baya, akan sami wasu daga cikin matasan malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello suna ɗaure kaya domin tafiya ƙaro ilimi a Turai. Mu da muka riga su zuwa kuma ba ma rowar nasiha. Mukan gaya musu irin rigar sanyin da za su saya, da yawan kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewar da za su ƙulla, da yadda ake gane shagon Baturke ko na Balarabe mai sayar da naman halal, da kuma inda masallacin Juma'a yake. Duk wannan daidai ne. Sai dai akwai abu guda da ban taɓa jin wani ya kawo shi a irin wannan zama ba, alhali kuwa da wuya mutum ya yi wata uku a Jamus ko Faransa ko Italiya bai ci karo da shi ba. Wannan abu shi ne gayyatar da abokan karatu za su yi masa, cikin fara'a da kyakkyawar niyya, cewa ya zo a tafi hutun ƙarshen mako a yankin da ake noman inabi ana yin giya da shi.

Na yi shekara huɗu a birnin Frankfurt ina karatun digiri na uku a fannin kimiyyar harshe, kuma irin wannan gayyata ta same ni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kuma ga yadda ta sami wasu 'yan'uwanmu 'yan Arewa, da irin amsar da kowa ya bayar, da abin da amsar ta jawo masa. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a fito da zancen fili, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Abin da ya sa gayyatar ke zo mana a ba-zata yana da alaƙa da yadda aka tsara garuruwanmu. Ni a Jama'a na tashi, nan gefen Samaru, kuma duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san cewa giya tana da mazauninta. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka haka abin yake. Bisa Yarjejeniyar Brussels ta 1890, an sanya Arewa cikin yankunan da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita, aka bar lasisin sayarwa ga Turawa da baƙin ma'aikata. Da layin dogo ya iso Zariya a wajejen 1911, Sabon Gari ya kafu a gefen tasha, sai ya zama a can ne, da kuma kasuwannin bayan bariki, aka fi samun wuraren da ake wannan sha'ani. Ba ina nufin Sabon Gari unguwar mashaya ce ba; babbar kasuwarmu tana can, masallatai da makarantun Islamiyya cike suke da ita, kuma mutanen kirki na kowace ƙabila sun yi zuriya a cikinta. Abin da nake nufi shi ne, yaron Zariya ya saba da cewa kauce wa giya aikin ƙafa ne. Idan ba ka bi ta lungu kaza ba, ba ka shiga gida kaza ba, za ka iya tsufa ba ka taɓa zama kusa da kwalba ba. A Turai kuwa babu lungun da aka ware mata. Tana kan teburin liyafar sashe ranar da ɗalibi ya kare kundinsa, tana hannun shehin malamin da ke duba aikinka, tana kuma cikin sunan yankin da abokanka ke son kai ka yawon buɗe ido. Dabarar da muka taso da ita ba ta aiki a can.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda tafiyar take, domin da yawa suna zaton mashaya za a shiga tun safe har dare. Jamus tana da yankuna 13 da hukuma ta amince da su a matsayin na noman inabin giya, masu faɗin kimanin hekta 100,000 gaba ɗaya. Wanda mutanen Frankfurt suka fi zuwa shi ne Rheingau, a bakin Kogin Rhine, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa zuwa garin Rüdesheim. A zamanin da nake can akwai wani tikitin ƙarshen mako mai rahusa wanda mutum biyar za su hau jirgi da shi yini guda a kan Yuro 40 da ɗoriya, kafin a soke shi a 2019, saboda haka ko ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yana iya zuwa. Daga Rüdesheim ne kwarin kogin ke tsukewa har zuwa Koblenz, tsawon kilomita 65, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Gonakin a kan gangaren duwatsu suke, an yi musu hawa-hawa kamar matakalar bene, ga tsofaffin ganuwoyi da gidajen sarakunan da a kan kowane tsauni. Akan wuni ana tafiya a ƙasa tsakanin kuringogi, a hau wani ɗan akwati mai rataye a igiyar ƙarfe ya ɗaga mutum sama da gonakin, a shiga jirgin ruwa, a ci abinci. Shan giyar yana da lokacinsa, galibi da la'asar, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda gangunan suke, mai gona yana zuba wa kowa kaɗan a tambulan yana bayani. Idan aka auna da sa'o'i, bai fi kashi ɗaya cikin biyar na yinin ba. Amma fa shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi wurin, kuma wannan ba abin da za a rufe ido a kansa ba ne.

Matsala ta farko da ɗan Arewa ke faɗawa ciki ta harshe ce, kuma a nan sana'ata ta sa na fi zura ido. Bahaushe ba ya cewa a'a kai tsaye ga wanda ya gayyace shi. Zai ce "to, madalla", ko "sai na gani", ko "in Allah Ya kai mu", kuma duk wanda ya sha nonon Hausa ya san cewa an riga an ba shi amsa. Sautin muryar, da ɗan jinkirin da aka yi kafin a furta, da rashin tambayar ƙarfe nawa za a tashi, su ne ke ɗauke da ma'anar. Idan aka juya waɗannan kalmomi zuwa Ingilishi ko Jamusanci, kalmomin ne kawai ke ƙetarewa, ma'anar ta tsaya a gida. Bajamushe da ya ji "za mu gani" sai ya rubuta sunanka, ya sayi tikiti, ya kama maka gado a masauki, ya biya kuɗinsa. Ranar Asabar da safe a tsaya a tasha ana jiranka, kai kuma kana ɗaki kana ganin ai ka riga ka ba da uzuri cikin ladabi. Na san wani bawan Allah, mutumin kirki ƙwarai, wanda haka ta faru da shi sau biyu. Abokan aikinsa ba su ce masa uffan ba. Sun dai daina gayyatarsa ko'ina, har wuraren da babu giya, domin a wurinsu ya zama mutumin da maganarsa ba ta da tabbas. Abin da ya yi don kunya da kara, su sun ɗauke shi rashin cika alkawari, wanda a al'adarsu ya fi ƙin amsa gayyata muni nesa ba kusa ba.

Abin mamaki kuwa shi ne, gaskiya tsirararta ba ta ɓata musu rai. Duk lokacin da na ce ni Musulmi ne, ba na sha, ba kuma zan shiga ɗakin ɗanɗano ba, amsar da nake samu ba ta wuce "to, babu laifi", sai a shiga lissafin yadda za a yi da ni a wannan sa'a. Wanda ya ce likita ne ya hana shi, ko cikinsa ke ciwo, shi ne ke shan wahala, domin wata mai zuwa za a tambaye shi ko ya warke.

Matsala ta biyu ita ma ta harshe ce, kuma ta fi haɗari. Kalmar inabi daga Larabci muka aro ta, haka ma zabibi, wato busasshen inabi. Wannan kaɗai ya nuna cewa ta hanyar littattafai da fatauci muka san ɗan itacen kafin mu san gonarsa. Saboda ba mu da al'adar matse shi, ba mu ƙirƙiri kalmomin rarrabe matakansa ba. "Ruwan inabi" a bakin wani yana nufin zallar ruwan da aka matse, a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa kuwa da shi ake kiran giyar inabi. Su kuwa waɗanda suka yi shekaru aru-aru suna wannan noma, kowane mataki da sunansa. Traubensaft shi ne ruwan da bai tsimu ba, an dafa shi an rufe, kuma kusan kowane mai gona yana da shi. Wein ita ce giya. A tsakaninsu akwai wani da ake kira Federweisser, wanda ake sayarwa a watannin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da sababbin ɗalibanmu ke sauka. Fari ne, mai gurɓi-gurɓi kamar kunun zaƙi, yana da zaƙi sosai, ana sayar da shi a bakin hanya a kwalbar da ba a toshe bakinta gam ba saboda yana kan tsimuwa. Wanda bai sani ba zai rantse lemo ne, alhali barasar da ke cikinsa takan fara daga kashi 4 cikin ɗari, tana kuma ƙaruwa kullum. Wanda ya san yadda bammi yake da safe da yadda yake komawa da yamma ya fahimci abin da nake faɗa. Haka nan akwai giyar da aka cire wa barasa, wadda a garin Rüdesheim ɗin nan ne wani mai suna Carl Jung ya fito da dabarar yin ta tun farkon ƙarni na 20. Doka ta yarda a rubuta mata "marar barasa" ko da akwai ragowar da ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma asalinta giya ce aka tace. Ni dai ban kusance ta ba. Kalma ɗaya ta ishi baƙo ya haddace kafin ya hau jirgi, ita ce Traubensaft.

Sai batun addini, wanda shi ne gishirin zancen. Haramcin sha ba abin muhawara ba ne, kuma ba shi ne ke damun mutanenmu ba. Abin da ke damun su shi ne zama. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mai imani zama a kan teburin da ake zagayawa da giya, akwai kuma wanda ya haɗa mai matse ta da mai ɗaukar ta da mai sayar da ita cikin laifi guda da mai shan ta. Na biyun ya shafi ɗalibanmu da ke neman aikin wucin-gadi lokacin girbi, domin inabin waɗannan gonaki ba na ci ba ne, na matsewa ne. Fatawa ta malamai ce, kuma ina shawartar duk mai tafiya ya zauna da malaminsa tun yana gida, ya kwatanta masa abin dalla-dalla yadda yake, kada ya bari sai an tsaya a ƙofar ɗakin ganguna sannan ya fara tunani. Iyakar da ni na shata wa kaina ita ce: ina zuwa tafiyar ƙasa da hawan dutse da jirgin ruwa, ina zuwa da guzurina mu ci a sarari a bakin kogi, idan an gangara ɗakin ɗanɗano ni kuma in nemi inuwa in yi sallar La'asar in jira su. Ba na zuba wa kowa, ba na miƙa wa kowa, ba a kuma haɗa kuɗina cikin na kwalba. Wani aboki ɗan Sakkwato ya fi ni tsanani, ko tashar ba ya zuwa, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da ya burge ni da shi shi ne bai bar gurbin a buɗe ba: kowace Sallah sai ya dafa shinkafa da miyar taushe ya tara sashen nan kaf a ɗakinsa, har ta kai ana tambayarsa yaushe ne Sallah ta gaba.

Akwai wani abu da kan biyo baya wanda ya kamata mutum ya shirya masa. Da zarar an gane ba ka sha, idan da mota aka zo, kai ne direba, domin dokar tuƙi a can ba ta da wasa. Wasu na ganin wannan taimako ne a kan saɓo, wasu na ganin tsare rayuka ne. Shi ma a sa shi cikin tambayoyin da za a kai wa malam.

Me ya sa ba za a ce kowa ya yi zamansa a ɗaki a huta ba? Domin na ga abin da zaman ɗakin ke haifarwa. Bature ba ya hira a ofis. Ba ya kuma da dandali ko majalisar ƙofar gida irin tamu inda ake zama bayan Magariba. Abokantakarsa a irin waɗannan tafiye-tafiye take ƙulluwa, kuma a nan ne ake jin labarin taron da za a yi a Leiden ko Naples, da mujallar da ke neman maƙala, da gurbin bincike da za a buɗe baɗi. Rabin mutanen da nake musayar aiki da su yau, a kan hanya tsakanin gonaki muka saba. Ga kuma kaɗaici, wanda ba mu cika son ambatonsa ba. Mutumin da ya tashi cikin gida mai mutum ashirin, a wayi gari yana ɗaki shi kaɗai, rana na faɗuwa ƙarfe huɗu da rabi na yamma a watan Disamba, babu mai yi masa sallama daga Juma'a zuwa Litinin, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Na ga waɗanda ta karya. Kuma abin lura, waɗanda suka fi saurin zamewa su faɗa cikin abin da ake gudu ba masu fita da abokai da iyaka a bayyane ba ne, sau da yawa masu kulle kansu ne har ƙunci ya yi musu yawa.

Bayan wannan duka, akwai abin da na gani a can wanda ya fi tsaya mini a rai tun da na dawo Samaru. Waɗannan yankuna ƙauyuka ne na manoma, amma sun san yadda za su sa ɗan birni ya ɗauko kuɗinsa ya kawo musu har gida. Dokar Jamus ta ba manomi damar buɗe tsakar gidansa na tsawon wata huɗu a shekara ya sayar da abin da ya noma da ɗan abinci mai sauƙi, ba tare da lasisin otal ba. Alamar ita ce ya rataye tsintsiya ko damin ganye a ƙofa. An shata hanyoyi an sa musu suna: ta yankin Pfalz tun 1935, ta Alsace a Faransa tun 1953, ta Stellenbosch a Afirka ta Kudu tun 1971. Sunan ƙauye ya zama jari, doka kuma tana kare shi. Tasha ɗaya kafin Rüdesheim akwai garin Geisenheim, inda aka kafa makarantar binciken 'ya'yan itatuwa da inabi a 1872, wadda yanzu jami'a ce, gonakin gwajinta kuma suna haɗe da na manoman da take yi wa hidima.

Duk wanda ya san Samaru zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Tashar binciken aikin gona ta nan an kafa ta a 1922, shekara 40 kafin jami'ar kanta, ga kuma cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa a gefenta. Abin da da yawa daga cikin abokan aikina ba su taɓa gani da idonsu ba shi ne, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba daga ƙofar jami'a, a Ƙaramar Hukumar Kudan, wajejen Hunkuyi, manoma suna noman inabi a kan rumfuna, har yankin ya yi suna da shi a faɗin ƙasar nan. Inabin ci ne, ba na matsewa ba, saboda haka duk tambayoyin da na lissafa a sama ba su taso ba. Noman nasa ma abin kallo ne, domin a ƙasa mai zafi kuringa ba ta samun barcin hunturu irin na Turai, sai manomi ya datse rassanta ya tilasta mata sabon toho, ya kuma daidaita lokacin yadda 'ya'yan za su nuna da rani, tunda ruwan sama yana jawo musu cuta. Wannan ilimi ne mai zurfi da ke hannun mutanen da ba su taɓa shiga ajinmu ba. Amma mu masu albashi mun fi gane mu sayi na cikin roba da aka ɗauko daga Afirka ta Kudu ko Masar, na Kudan kuwa idan ya shiga kasuwa ba ya ɗauke da sunan garinsu. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farkawa a nan, domin sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajistar suna a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Gaskiya ne ƙarshen makonmu ba namu ba ne. Asabar ta ɗaurin aure ce da walima, Lahadi ta ta'aziyya da dubiya, kuma ba zan so mu musanya wannan zumunci da komai ba. Gaskiya ne kuma rashin tsaro ya sa mutum yana tunani sau biyu kafin ya ɗauki iyalinsa ya nufi bayan gari. Shekarun 2020 da 2021 sun bar tabo a gefunan Zariya wanda bai gama warkewa ba. Amma ko kafin wannan masifa, mu nawa ne muka taɓa hawa Dutsen Kufena, ko muka kai yaranmu Maƙarfi su ga yadda ake dafa mazarƙwaila? Mutumin da ya yi tafiyar sa'a guda a jirgi don ya ga gonar Bajamushe, ya ɗauki hotuna ya turo gida, ya dawo ya yi shekara goma bai taka gonar da ke bayan Basawa ba.

Abin da ake bukata bai kai a jira gwamnati ba. Ƙungiyar malaman sashe ɗaya ta isa ta ɗauki bas guda ranar wata Asabar cikin rani, bayan an tuntuɓi hakimi da masu gonakin an kuma tabbatar da lafiyar hanya, a tafi da safe a dawo kafin Magariba. Manomi ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, a auna wa kowa abin da ya tsinka a kan farashin da babu dillali a tsakani, matan gida su sayar da fura da waina, ɗaliban aikin gona su yi wa yara bayani. Masu koyar da fasahar zane a jami'a kuwa, yini ɗaya ya ishe su su fitar wa manoman da ɗan kwali mai ɗauke da sunan Kudan.